Baƙi Biyu a Ruwan Gishiri: Kundin Ciyarwa

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Sun iso da hantsi, su biyu, kowanne a ledarsa, an cika ta da iska an ɗaure bakin tamau. Kifin teku ne da ake kira kilawunfish a Turance. Ni dai 'yan kama nake ce musu, don fentin jikinsu da tafiyarsu ta rangaji sak na mai ba da dariya ne. Sunansu a wajen masana Amphiprion ocellaris: jiki ruwan goro, farin zane guda uku, kowane zane da siririn baƙin layi a gefensa. Babban bai wuce santimita 4 ba, ƙaramin kamar 3. A tanki aka ƙyanƙyashe su, ba daga teku aka kamo su ba. Da gangan na nemi irin waɗannan, domin tun suna 'yan mitsi-mitsi suka san busasshen abincin kamfani.

Ban kai su babban tanki ba, duk da wata biyu ke nan yana zaune yana jiran masu shi. Ƙaramin tanki mai cin lita 40 na tanada don killacewa. Babu yashi, babu dutse. Akwai hita da na tsayar a digiri 26, da matacin soso wanda ya yi wata guda a jiƙe cikin babban tankin don bakteriyar da ke cinye dattin kifi ta kama shi, sai guntayen bututun roba uku na ɓuya. Rashin yashin nan ba rowa ba ce. So nake duk ƙwayar abincin da ta faɗi ƙasa in gan ta, haka ma kashin da suka yi, don a nan labarin cikin kifi yake fitowa.

Na auna gishirin ruwan leda, ya ba ni 1.021, nawa kuwa 1.025. Kifi ya fi jure a sauke masa gishiri a kan a ɗaga masa shi farat ɗaya, don haka na kwashe ruwa kaɗan daga tankin na maye da marar gishiri har ma'aunin ya yi daidai da na leda. Na bar ledojin suna yawo a saman ruwa minti 20 a ɗaure, zafi ya zama ɗaya. Da na kwance su kuwa ban tsaya wata-wata ba. Kifin da ya daɗe a leda ya cika ruwan da amoniya, wato gubar da ke fitowa daga dattin jikinsa, da kuma gurɓatacciyar iskar numfashinsa. Iskar nan tana sa ruwan ya yi tsami-tsami, tsamin kuma yana danne dafin amoniyar. Da zarar an buɗe baki iskar ta fice, tsamin ya ragu, dafin ya farka. Na ɗebe su da kofi, na zubar da ruwan ledar gaba ɗaya.

Abinci kuwa, ko ƙwaya. Na kashe fitila, na rufa wa tankin tawul ta gefe uku, na bar musu ɗakin.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Da safe na tarar da ƙaramin a kusurwar sama kusa da hita, a karkace kamar gawa. Gabana ya faɗi. Ina matsowa ya miƙe ya hau rangajinsa kamar ba shi ba. Barcinsu ke nan.

Da la'asar na jefa ƙwaya huɗu. Suka bi su da ido har ƙasa, ba wanda ya motsa. Bayan minti biyar na zuƙe su da tiyo. Amoniya sifili.

Litinin, 7 ga Oktoba

Yau na yi abin da na yi wa kaina alkawarin ba zan yi ba. Cikin wuni ɗaya na gwada musu abinci iri uku. Da safe ƙwayoyi, suka ƙi. Da rana irin mai falle-falle ɗin nan da ke yawo a saman ruwa, ba su ko ɗaga kai ba. Da yamma na narkar da daskararren maisis, wato ƙananan jatan landen da ake kamowa daga tafkin Okanagan na Kanada. Babban ya tunkaro guda, ya cafke, ya juya shi a baki sau biyu, ya tofar. Ya sake cafkewa, ya sake tofarwa. Daga nan ya juya mini baya ya shige bututu.

Da dare na kira wani yayana da ya fi shekara goma yana kiwon kifin teku. Na ce, "Yaya, kwana uku fa ba su ci komai ba."

Ya ce, "Cikinsu ya lotsa?"

Na ce a'a.

"Suna numfashi da sauri? Suna goga jiki da bututu?"

Na ce ko ɗaya.

Ya yi dariya ya ce, "To ƙanena, kai ne ba ka da lafiya, ba su ba. Lafiyayyen kifi ba ya mutuwa don ya yi kwana uku ko biyar bai ci ba. Abin da kake zubawa yana ruɓewa shi zai kashe su. Kuma tunda ya cafka ya tofar, yunwar ta fara zuwa, lomar ce ta yi masa girma."

Ya yi gaskiya a kan loma. Na ɗauko kwalin ƙwayoyin na duba, milimita 1 ne. Na koma na tsura wa bakin ƙaramin ido ta gilashi, da ƙyar ya kai haka idan ya wage shi. Na tuntuɓi wanda na saya a wajensa, ya ce rabin milimita yake ba su, mai nutsewa a hankali. Tambayar da ya kamata in yi tun kafin a ɗaure leda ke nan.

Laraba, 9 ga Oktoba

Sun ci.

Jiya da safe na haɗa ƙyanƙyasar artemiya, wato wasu 'yan mitsi-mitsin jatan lande na ruwan gishiri, tunda ƙananan ƙwayoyin ba su iso ba tukuna. Aikin ba wuya. Kwalbar roba mai cin lita ɗaya, ruwan gishiri, tiyon iska har ƙasa don ruwan ya riƙa tafarfasa ba da wuta ba, fitila a kai, sai ƙwai ɗan kaɗan a bakin cokalin shayi. Ƙwan kamar ƙurar ƙasa yake, ruwan ƙasa-ƙasa, kuma da yawansa daga babban tafkin gishiri na jihar Utah a Amurka ake kwaso shi. A busashe yana iya yin shekaru yana jira. Da ya ji ruwan gishiri mai ɗumi, cikin awa 24 ya fashe.

Yau da hantsi na cire tiyon iskar na bar kwalbar ta natsu minti goma. Ɓawon ƙwan da ya fashe ya taso sama, wanda bai fashe ba ya kwanta ƙasa. Na haska tocila a tsakiyar kwalbar, sai ga wani jan gajimare yana taruwa wajen hasken, dubban 'yan halittu suna tsalle-tsalle. Na zuƙo su da sirinji marar allura, na tace da kyalle mai laushi, na ɗauraye da ruwa mai tsabta, sannan na fesa kaɗan a tsakiyar tankin.

Ƙaramin ne ya fara fitowa, abin da ban zata ba. Ya tsaya cak a tsakiyar ruwa, fikafikan gefensa suna kaɗawa, sai ya fara: cak, cak, cak, dama, hagu, sama, kamar kaza a kan tsaba. Babban ya leƙo daga bututu, ya ga ana ci ba shi, ya fito a guje. Minti uku cikinsu ya taso ya yi ja-ja ta cikin fata.

Da na zauna ina kallonsu sai na gane kuskurena na kwanakin baya. A teku, daga yankin Andaman zuwa Indunusiya da Filifin har arewacin Ostireliya, kifin nan ba mai yawon kiwo ba ne. Yana zaune ne a jikin anemoni, dabbar nan mai kama da fure mai yatsu masu harbi, ba ya nisa da ita. Abincinsa igiyar ruwa ce ke kawo masa: ƙananan halittu masu yawo irin su kofifod, da ɗan gansakuka da yake tsinta. Wuni yake yana ci, kaɗan-kaɗan. Abin da ke motsi a tsakiyar ruwa shi ne abinci a idonsa. Abin da ya kwanta shiru a ƙasan gilashi shara ce.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Ƙwayoyin rabin milimita sun iso. Na jiƙa guda goma a ruwan tankin minti ɗaya, na haɗa da artemiya a sirinji ɗaya, na fesa su daidai inda kumfar mataci ke juya ruwa. Cikin zafin ci suka haɗiye har da ƙwayoyin. Babban ya ci shida, ƙaramin uku, ɗaya ta faɗi.

Ba zan bar su a kan artemiya ba. Darajarta tana cikin ɗan gwaiduwar da take fitowa da shi daga ƙwai, kuma cikin sa'o'i kaɗan take cinye abinta. Manyanta da ake sayarwa a daskare, idan ba an ƙosa su da wani abu ba, yawanci ruwa ne da ɓawo. Kifin teku kuwa yana bukatar mai irin DHA da EPA, wanda jikinsa ba ya iya haɗawa yadda zai ishe shi, dole sai daga abinci. Artemiya tsani ce kawai.

'Yata ta raɗa musu suna: Babba da Auta.

Asabar, 12 ga Oktoba

Ina shiga ɗakin da safe na ga ruwan ba kamar kullum ba. Bai yi datti ba, amma ya yi hazo, kamar an ɗiga masa madara. Auta yana kusa da saman ruwa, kunnuwansa na numfashi suna buɗewa da rufewa da sauri. Ruwa ba ya tsami banza. Na ɗauko kwalbar gwaji, na ɗiga magani, na jira minti biyar. Launin da ya kamata ya tsaya rawaya ya karkata zuwa kore: amoniya 0.5.

Wanda ya saba da kifin ruwan daɗi zai iya cewa wannan ai ba wani abu ba ne. A ruwan teku abu ne. Amoniya iri biyu take zama a ruwa, mai dafi da marar dafi sosai, kuma ma'aunin tsamin ruwa, wato pH, shi ne ke raba su. Ruwana yana 8.2. A wannan matakin, kason mai dafin ya ninka na ruwan da ke 7.0 fiye da sau goma. Kunnuwan kifi take ƙonawa, shi ya sa numfashi ke fara nunawa.

Na ɗaga bututun tsakiya, sai ga wata 'yar tsibi a ƙarƙashinsa, ƙwayoyi sun kumbura sun yi farin gashi. Sun fi talatin. Ni kuwa ƙirga nawa nake yi.

Na kira 'yata. Na ce, "Mamana, kin ba kifi abinci?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Abba, ai duk na zo wucewa sai su taso suna roƙona. Kaɗan na ba su."

"Sau nawa?"

Ta ɗaga yatsu uku, ta yi tunani, ta ƙara ɗaya.

Ban yi faɗa ba, don idan za a raba laifi nawa ya fi. Tun da suka fara ci nake ba su sau huɗu a wuni saboda murna, ga artemiyar da ba a cinye ba tana mutuwa a cikin soso. Matacin nan bakteriyarsa ba ta taɓa ɗaukar kayan kifi biyu masu cin sau takwas ba. Garin neman gira mun kusa rasa ido. Kuma roƙon da ta gani gaskiya ne. Kwana uku kacal da fara ci, sun riga sun haɗa inuwar mutum da abinci. Ɗan kama ko cikinsa ya kusa fashewa zai taso gaban gilashi yana rawa.

Abin da ya cece ni shi ne bokitin da nake ajiyewa kullum da haɗaɗɗen ruwan gishiri, famfo na juya shi tun jiya. Na zuƙe ƙasan tankin tas, na fitar da lita 20, na maye da sabo bayan na daidaita zafi da gishiri. Na matse soson a cikin tsohon ruwan da na cire, ba a ruwan famfo ba, kada in kashe bakteriyar da nake lallaɓawa. Da yamma amoniya ta sauko 0.25. Yau babu abinci ga kowa. Kwalin ƙwayoyi ya koma saman kabad.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Na sake canza lita 10. Numfashin Auta ya lafa.

Cikin dare na kashe fitilar ɗaki na haska su da tocila daga gefe, don haka ne fata ke nuna abin da ke kanta. Abin da nake tsoro shi ne Brooklynella, cutar da ta fi shahara da kama wannan jinsin, musamman waɗanda aka kamo daga teku. Ita ma da saurin numfashi da ƙin abinci take farawa, sannan wani farin yauƙi mai kauri ya rufe jiki yana saɓulewa, cikin 'yan kwanaki ta gama da kifi. Na duba ko akwai farin ɗigo kamar ƙwayar gishiri, alamar Cryptocaryon, ko wata ƙura-ƙura mai laushi, alamar Amyloodinium. Fata sumul, launi tas. Ruwa ne ya yi musu ciwo, ba cuta ba.

Talata, 15 ga Oktoba

Amoniya sifili, naitarait, gubar da bakteriya ke mayar da amoniya zuwa gare ta, ita ma sifili. Na dawo da ciyarwa sau biyu, ƙwaya goma sha biyu a kowane zama, ina jefawa uku-uku. Sai sun cinye na ƙara. Artemiya na daina.

Sabuwar matsala: Babba ya fara kora. Duk ƙwayar da Auta ya nufa sai ya riga shi, ko da akwai wata a gaban hancinsa. Dabarar da ta yi aiki ita ce in fara jefa wa Babba a kusurwar dama, yana can yana fama in fesa wa Auta nasa da sirinji a hagu, ƙasa-ƙasa kusa da bututun da yake fakewa.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Na ga wani farin zare yana jan gindin Babba, dogo, ya kai rabin tsawon jikinsa. Duk wanda ya taɓa karanta wani abu a kan kifin nan ya san me ake cewa: farin kashi mai zare, tsutsar ciki ko ƙwayar cutar hanji, a nemo maganin metronidazole ko praziquantel. Har na buɗe aljihun tebur inda na ajiye su.

Sai na tsaya na duba littafin nan. Kwana biyu ke nan ina ba su maisis da yamma, yankakke ƙanana da reza, kuma Babba ne ke cinye mafi yawa. Maisis fari ne, ɓawonsa ba ya narkewa duka. Kifin da ya yi azumi ma yakan fitar da farin yauƙin hanji. Ga shi kuma yana ci kamar gara, cikinsa a cike, bayansa bai rame ba. Mai tsutsa yakan ci ya ƙi ƙiba, ko ya riƙa tofar da abinci, ko wajen bayan kansa ya lotsa.

Na mayar da maganin. Kwana uku ƙwayoyi zalla, in ga launin da zai fito. Magani a ƙaramin tankin da bakteriyarsa ba ta gama farfaɗowa ba, a kan zare ɗaya, ban ga hikimarsa ba.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Kashi ja-ja ne mai ƙasa-ƙasa, gajere, launin ƙwayoyin. An wuce wurin.

Laraba, 23 ga Oktoba

Gishiri ya kai 1.025. Ban zuba gishiri kai tsaye ba ko sau ɗaya. Ruwa ne ke tashi ya bi iska, gishiri yana nan, don haka a ka'ida da ruwa marar gishiri ake cike gurbin. Ni sai na riƙa cikewa da mai gishiri, ma'aunin yana hawa a hankali cikin mako biyu da rabi. Daga yau na koma cikewa da marar gishiri.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina yau ba wannan ba ne. Bayan cin yamma Babba ya tunkari Auta gadan-gadan. Maimakon ya gudu, sai Auta ya karkata jiki gefe ɗaya ya hau karkarwa, daga kai har wutsiya, kamar wanda wutar lantarki ta ja. Daƙiƙa biyu ko uku. Babba ya dube shi ya wuce. Wanda bai sani ba zai ce farfaɗiya ce. Mubaya'a ce. Yana ce masa na sallama, kai ne gaba.

Ko in ce ke ce gaba. Kifin nan babu wanda ake ƙyanƙyashewa mace. A kowane gida, wanda ya fi girma da ƙarfi shi ke rikiɗa ya zama mace, na biyu ya zama mijinta, sauran su zauna a layi ba su balaga ba. Idan macen ta mutu, mijin ya rikiɗa ya hau gurbinta, na bayansa ya matso. Wanda ya zama mace ba ya komawa namiji. An lura a teku, a wajen 'yan uwansu Amphiprion percula, cewa na ƙasa sukan taƙaita girman jikinsu kada su kusanci na gabansu a kore su daga gida.

Wannan ya canza mini yadda nake kallon rabon abinci. Da ina ƙoƙarin in ga Auta ya ci daidai da Babba don ya kamo shi. Ba zai kamo ba, kuma ba a so ya kamo. Da su biyun girmansu ɗaya ne, da yanzu faɗa suke har wani ya yage wa wani fiffike. Abin dubawa kawai shi ne cikin Auta ya ɗan taso bayan ci, bayansa kuma ya kasance a cike. Daga yau a littafin nan Babba ita ce.

Na ji wani ɗan ƙas-ƙas daga tankin lokacin korar, a hankali sosai. Da haƙora suke yinsa.

Juma'a, 25 ga Oktoba

Tafiyar kwana uku ta kama ni. Na samo ƙaramin akwatin magani mai ɗakuna bakwai, na ƙirga ƙwaya goma sha biyu a ɗakuna uku, sau ɗaya a wuni. Na miƙa wa 'yata na ce, "Mamana, ga amanarki. Ɗaki ɗaya, rana ɗaya. Ko sun yi kuka." Ta ce kifi ba ya kuka. Na ce to ko sun yi rawa.

Litinin, 28 ga Oktoba

Na dawo. Ɗakuna uku wayam, ƙasan tanki fes, amoniya sifili. Sau ɗaya a wuni bai rage su da komai ba, ruwan ma ya fi haske.

Tsarin da na tsaya a kai yanzu: ƙwayoyi da safe kullum. Da yamma ana juyawa, yau maisis, gobe daskararren kofifod, jibi ƙwayoyi masu sifirulina, wani irin gansakuka, don ɓangaren ganye. Daskararren abinci ɗan ɓalli nake yankowa daga ƙanƙarar, in narkar a kofi da ruwan tanki, in tace, in zubar da romon. Romon nan ba ya shiga cikin kifi, gansakuka kawai yake ciyarwa. Abin da ya narke ba ya komawa firiza. Sau biyu a mako ina ɗiga wa maisis man kifi mai bitamin ya jiƙa minti goma.

Na maƙala musu busasshen ganyen teku a jikin gilashi. Babba ta je ta cije shi sau ɗaya don jin haushi, ba don ci ba. Na cire.

Mutane da yawa sun ce mini in riƙa jiƙa abinci da ruwan tafarnuwa don ya buɗe musu ciki. Ban yi ba. Nawa kifin ba ƙamshi ya buɗe musu baki ba, girman loma ne da motsinta.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Mako biyar cif a killace, babu ɗigo, babu yauƙi, babu goga jiki. Yau suka koma babban tanki mai lita 120.

Jiya ban ba su komai ba, don kifin da za a ɗaga gara cikinsa ba kaya. Ina ɗauko raga Babba ta gane, ta shige bututu ta ƙi fita. Kifi na ganinka, mai jar koma. Na ajiye ragar, dama ba na son ta, tana kama ƙayoyin fiffike tana goge yauƙin jiki. Na toshe bakin bututun biyu da tafin hannu na ɗaga shi da ita a ciki, na juye a robar da ke cikin ruwan. Auta kuwa da kansa ya shiga kofi, yana zaton abinci ne.

Na shirya wa wani azumin na kwana uku irin na farko. Awa huɗu bayan sauka na jefa ƙwaya uku don gwaji, suka cinye kafin su kai rabin zurfin ruwa. Ƙwaya ɗaya, sirinji ɗaya, hannu ɗaya, gishiri da zafi duk ɗaya. Gidan kawai ya canza.

Talata, 12 ga Nuwamba

Babban tanki da nasa halin. Famfon juya ruwa yana da ƙarfi, kafin su cafki uku ya watsa sauran bayan duwatsu, wasu kuma su bi magudanar sama su faɗa mataci. Yanzu ina kashe babban famfo lokacin ci, in bar ƙaramin yana ɗan kaɗa ruwan don abincin ya yi ta yawo a tsakiya. Jiya na kashe na manta, sai da zan kwanta na ji ɗakin ya yi shiru fiye da kima. Awa uku ruwa bai zagaya ba. Ba abin da ya faru, amma na sa ƙararrawar minti goma a waya.

Abin da ya faɗi ƙasa yanzu yana da masu shi. Dodon koɗi guda biyar suna binne cikin yashi, ba a ganin komai sai ɗan hancinsu. Da maisis ya taɓa ruwa sai yashin ya fara motsi su ɓullo.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Naitaret, abin da naitarait ke komawa a ƙarshe, 5, amoniya da naitarait sifili, gishiri 1.025, zafi 26. Na canza lita 12.

Duk duwatsun da na ɓata dare biyu ina jerawa, da koguna da lunguna, ba su kalle su ba. Sun zaɓi maganaɗisun goge gilashi da ke kusurwar hagu ta sama. Nan suke wuni, nan suke kwana, Babba tana goga ciki a jikinsa kamar anemoni ne. Na sa hannu zan matsar da shi, ta zo ta cije ni a bayan yatsa. Ba zafi, kamar an tsikare ni da tsinke, amma da niyya ta yi.

Anemoni na gaske sai tankin ya haura wata shida ya zauna sosai, kuma su ba sa bukatarta don su rayu. Idan lokacin ya yi, Entacmaea quadricolor nake tunani, ta fi sauran juriya a tanki, ko da yake ba ita ce gidan ocellaris a teku ba, suna iya karɓarta, suna iya ci gaba da maganaɗisunsu.

Na ɗora ruler a jikin gilashi lokacin da suke barci. Babba ta kusa santimita 5, Auta yana 3 da ɗan ɗori. Na sauko da tsohon kwalin milimita 1 daga saman kabad na jefa mata ɗaya. Ta haɗiye ba tofarwa. Na jefa wa Auta, ya juya ta a baki ya tofar, Babba ta zo ta ɗauke. Gobe da safe zan fara haɗa iri biyun a sirinji ɗaya, shida manya, takwas ƙanana.